Giya Kafin Taliya: Al'adar Gidan Soba a Tokiyo

A tsofaffin gidajen taliyar soba na Tokiyo, irin su Kanda Yabu Soba da aka buɗe a 1880, ɗan gari ba ya neman taliya da zarar ya zauna. Yakan ce a kawo masa 'yar butar sake, giyar shinkafa, da abin taɓawa: yankan kamaboko, wato dakakken kifi turararre, da wasabi mai hawa hanci, ko gasasshen ganyen teku, ko wainar ƙwai. Wannan zama shi suke kira sobamae. Taliya sai daga ƙarshe.

Tushen al'adar yana madafa. Garin soba ba shi da danƙo kamar na alkama, shi ya sa tun zamanin Edo, tsohon sunan Tokiyo, ake haɗa kashi 8 nasa da kashi 2 na alkama don kada taliyar ta kakkarye. Wannan haɗi ne nihachi. Kwaɓawa da murzawa da yankawa duk aikin hannu ne, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne giyar ta shigo ne don ɗebe wa mai jira kewa. Masu jiran kuwa ba sarakuna ba ne. Edo gari ne na gwauraye, kafintoci da magina da 'yan dako da ke sake gina birnin duk lokacin da gobara ta lashe shi. Kwano ɗaya mon 16 ne a kuɗin lokacin, kuma littafin Morisada Manko ya ƙirga gidajen soba 3,763 a birnin a 1860. A wancan zamani kuma, masu dogaro da farar shinkafa suna fama da cutar beriberi. Soba tana da sinadarin da surfe ke cire wa shinkafar, ko da yake a lokacin ba a san haka ba.

Abin da ya bambanta gidan soba da mashaya shi ne ba a shimfiɗa tabarma. Buta ɗaya, ko biyu, sai a kira taliya. Da ta iso, hira ta ƙare, domin soba mai sanyi ba ta jiran kowa: mintuna kaɗan ta saki jiki, ƙamshin ya tafi. A gidajen zuriyar Yabu romon tsomawar yana da gishiri sosai, don haka bakin taliyar kawai ake tsomawa, a zuƙe da ƙara, abin da a wata ƙasa za a kira rashin tarbiyya. Sannan a kawo ruwan da aka dafa ta a ciki, a tsiyaya a sauran romon a shanye. (Musulmin da ya kauce wa butar ya sani cewa romon ma yawanci da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, ake haɗa shi.)

A ganina, nan ne al'adar ta yi tuntuɓe a yau. An lulluɓe ta da ƙa'idoji da ƙwambo har ta zama jarrabawar wayewa ga masu hali da 'yan fansho, alhali abincin mai sauri ne. Magajin kafintan Edo yanzu yana tashar jirgin ƙasa. A na'ura yake sayen tikiti, ya ci kwanonsa a tsaye, ba giya ba kamaboko, ya ruga kafin jirginsa ya tashi.