Tsakanin Karta da Dara: Tarken Wasan Slay the Spire

A wata ziyara da muka kai Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinta saboda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa, mun zauna a wata majalisa bayan La'asar. Dattawa na gefe suna buga dara, samari na kan benci suna raba kartar Whot. Wani ɗalibi kuwa ya duƙufa a kan wayarsa. Da wani dattijo ya leƙa ya hangi katuna, sai ya ce masa, “Kai yaro, cacar har cikin waya ta bi ku?” Wannan tambaya ce ta sa muka karɓi wayar, daga baya kuma muka ga ya dace mu auna wasan da ma'aunin da muke auna ƙagaggen labari.

Kamfanin Mega Crit na birnin Siyatil a Amurka ne ya fitar da Slay the Spire a 2019, ya iso wayoyin Android a 2021. Jigonsa bai da tsawo: jarumi zai hau wata hasumiya mai cike da dodanni, in ya mutu a hanya ya koma tushe. Jarumin farko yana soma tafiya da katuna 10, na sara 5, na kariya 4, da guda mai raunana abokin gaba. A kowane zagaye ana ba shi katuna 5 da ƙarfi 3 da zai kashe wajen jefa su, sannan dodo ya rama.

Amsarmu ga dattijon ita ce, ba a zuba kuɗi a ci ko a cinye, kuma ko ta fuskar zubi wasan ya yi hannun riga da Whot. Mai buga Whot da abin da rabo ya ba shi yake aiki, in ya rasa ya je kasuwa ya ɗebo. A nan kuwa, bayan kowane faɗa ana shimfiɗa wa ɗan wasa katuna 3 ya zaɓi ɗaya, ko ya ƙi duka. Wannan ƙin shi ne gwanintar da ta fi burge mu. Sabon shiga yakan kwashi duk abin da aka miƙo masa, tarin katunansa ya kumbura, ranar da ya matsu da katin kariya sai tarkace su cika masa hannu. Gwani har biyan ɗan kasuwar cikin wasan yake yi don a raba shi da kati. Ke nan halin tauraro ba marubuci ne ya zayyana shi ba; kwaɗayin mai wasa ko ƙana'arsa ne ke gina shi, kuma su ne ke kashe shi. Mun daɗe ba mu ga labarin da sakamakon hali ya fito a fili haka ba, ba tare da an tsaya yi wa kowa wa'azi ba.

Sai dai akwai inda muke ganin wasan ya gaza. A bisa kan kusan kowane dodo ana nuna niyyarsa, ko sara zai kai da yawan ɓarnar da zai yi, ko kariya zai ɗauka. Wannan ya mai da faɗan lissafi tsantsa. Dattawan da ke gefenmu, da gurabe 30 da 'ya'ya goma sha bibbiyu, abin da suke yi ya fi haka zurfi, domin kowanensu ɓoye nufinsa yake yi, ya bar ɗa a sake kamar ya yi sakaci, alhali tarko ne. Abokin gabar da ba ya yaudara, ai Gizo ba zai ɗauke shi abokin karawa ba. Haka kuma babu filin daga, jarumi a tsaye yake wuri guda. Wasan Trials of Fire na 2021 ya cike wannan giɓi, inda jarumai 3 ke zagaya juna a kan gurabe, amma shi sai da kwamfuta, wadda ba kowane ɗalibin Agege ke da ita ba, balle wutar kunna ta.

Ta fuskar harshe ma jarumin ya zo mana a bushe. Ba shi da gari, ba shi da kirari, ba wanda ke jiran dawowarsa. Wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara ya san yadda bugun ƙirji da baki ke riga takobi isa fagen fama. Da muka faɗa wa ɗalibin haka, sai ya ce, “Malam, ai ni nake yi masa kirarin a zuci.” Ya karɓi wayarsa, ya tarar mun cusa masa katuna 4 da bai nema ba, dodo na gaba kuma ya gama da jarumin a zagaye na uku.