Bakin Gwani da Hannunsa

Akwai wata al'ada da ta zo mana tare da ɗakunan nunin zane-zane da gasar rubutu da neman tallafi, wadda yanzu ta zama kamar farilla a kan kowane mai fasaha. Watau in mai zane ya kai aikinsa wurin nuni, ko marubuci ya aika da waƙoƙinsa wurin masu ɗab'i, sai a ce masa ya rubuto 'yan layuka, kada su wuce rabin shafi, ya faɗi ko shi wane ne, da abin da yake yi, da dalilin da ya sa yake yinsa. Sa'an nan a manna takardar a bango kusa da zanen, ko a buga ta a bayan littafi. Mai kallo kuwa yakan karanta ta tun bai ɗaga kai ya dubi aikin ba. Ashe ita ce ke yi wa aikin sallama, in ta yi sallama da kyau a ce bismilla, in ta yi ta banza a karɓi baƙon da fuska a ɗaure.

To, wanda ya karanta irin waɗannan takardu da dama zai lura da wani abu, watau kusan dukansu kamar uwa ɗaya ta haife su. Wannan ya ce aikinsa yana bin diddigin dangantakar mutum da inda yake zaune, wancan ya ce nasa gada ce tsakanin jiya da yau, na uku ya ce shi muryar marasa murya ne. Da za a shiga ɗakin da dare a ciccire takardun a sassauya musu wuri, da gari ya waye ba wanda zai farga, har masu su. Bayanin da zai zauna daidai a ƙarƙashin aikin kowa bai faɗi kome ba a kan aikin kowa. Kayan aro ne, an kuwa san ba ya rufe katara.

Waɗansu sukan kawo uzuri su ce ai abin baƙo ne a wurinmu, Bahaushe mai kunya ne, ya tashi yana jin ana cewa yabon kai jahilci, don haka in an tilasta masa ya yi magana a kan kansa dole ya ari bakin wani. Wannan uzuri bai karɓu ba. Tun kafin a gina ɗakin nuni ko ɗaya a ƙasar nan masu fasaharmu suna faɗin ko su wane ne, a taƙaice kuma, ta hanyoyi biyu da kowa ya sani.

Hanya ta farko ita ce ta malamai masu rubutacciyar waƙa. Ka ɗauki waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, irin na zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ka dubi yadda akan rufe su. In malami ya zo ƙarshe yakan yi hamdala da salati, sau da yawa ya faɗi sunansa ko na mahaifinsa, ya faɗi yawan baitocin, ya faɗi shekarar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Shekarar kuwa da ramzi ake sa ta, watau a tara haruffan Larabci waɗanda kowannensu ke da adadi su ba da kalma guda. A lissafin Magariba, wanda malamanmu ke bi, shin dubu ne, ra ɗari biyu, fa tamanin. In ka haɗa su ka sami sharafu, watau shekara ta 1280 daga Hijira ke nan. Dubi irin wannan tsimi na magana. Baiti uku ko huɗu, amma babu kalmar da ba ta ɗauke da kaya. Faɗin yawan baitoci shinge ne, domin waƙa tana yawo ne daga hannun mai kwafa zuwa hannun mai kwafa, wani ya rage, wani ya ƙara nasa. In an ƙirga aka ga ba daidai ba an san an taɓa ta. Faɗin suna kuma ɗaukar alhaki ne, in akwai kuskure a cikin hukunci ko a cikin tarihi an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Duk abin da malamin ya faɗa a kan kansa abu ne da za a iya bincikawa a gaskata ko a ƙaryata. Har ƙanƙan da kai da yake yi, yana kiran kansa mai zunubi mai neman gafara, yana sanar da kai inda ya ajiye waƙarsa: aikin lada ya ɗauke ta, yana so a auna ta da wannan mudu.

Wannan al'ada ba ta mutu da shigowar boko ba. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ya rasu a 1999, ya saba sa hannu a ƙarshen waƙoƙinsa, kuma da aka tara waɗansu aka buga a 1977 sunan da littafin ya fito da shi Fasaha Aƙiliya. Kalmomi biyu ne tak, amma da wuya a sami bayanin mai fasaha da ya fi su ƙarfin hali. Ya ce akwai wata irin fasaha da ba ta da wani suna sai nasa. Da waƙoƙin da ke ciki sun yi kama da na kowa, da sunan ya zama abin dariya. Amma wanda ya san yadda Aƙilu ke murɗa kalma, yana jera sautuka masu kama da juna har harshe ya nemi sarƙewa, ya san in an rufe sunan ma zai gane mai ita.

Hanya ta biyu ita ce ta makaɗa, ita kuwa ba ruwanta da ƙanƙan da kai. Makaɗi yakan keɓe waƙa guda ya zuba gwanintarsa duka a ciki, ya yi wa kansa kirari, a kira ta bakandamiya. Biyu ne suka fi shahara, ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, da ta Alhaji Mamman Shata na Musawa, mai kalangu, wanda ya rasu a 1999. Mai saurare da gaggawa zai ce ai duk cika baki ne. Lalle akwai cika baki, sana'ar ta gaji haka, gama makaɗin da bai kasa kansa da tsada ba ba mai taya shi. Amma a saurara da kyau. A cikin tasa, Narambaɗa ya kwatanta waƙarsa da ta Alfazazi, mutumin Andalus mai Ishiriniya, wanda ya rasu a 1230, wanda har yau ake rera waƙarsa ta yabon Annabi a garuruwanmu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Makaɗin fada, wanda waɗansu malamai ke yi wa kallon mai aikin wasa, ya tsallake dukan makaɗa 'yan'uwansa ya je ya tsaya kusa da malamin da malaman kansu ke girmamawa, ya ce da wannan za ku gwada ni. Ya miƙa wa mai suka sandar da zai doke shi da ita. Duk mai shakka sai ya je ya saurari yadda yake ɗaure ɗiyan waƙa, da yadda 'yan amshi ke karɓe magana daga bakinsa su ƙarasa ba tare da an ga ɗinki ba, ya yanke hukunci da kansa.

Ta Shata wata iri ce. Ba ta da tsayayyen tsawo, yadda ya rera ta a wannan wuri ba haka zai rera ta a wancan ba. Yana ƙari, yana ragi, yana zuba habaici ga abokan hamayya gwargwadon abin da ranar ta kawo. A ganina ta Narambaɗa ta fi faɗin yadda ake ƙera waƙa, ta Shata ta fi faɗin wane ne mai waƙar da matsayinsa a cikin mutane. Amma akwai abin da ta Shata ta fi kowace takardar bango: tana girma tare da mai ita. Mai zanen da ya rubuta rabin shafi yana ɗan shekara 25, ya yi ta manna shi har ya yi furfura, ya ɗaure kansa da igiyar da ya tufka da hannunsa. Sau da yawa ma sai ka ga aikin ya koma yana bin takardar, mutum yana zana abin da ya riga ya ce yana zanawa, don kada a ce ya saɓa.

Bari mu koma ga masu zane na zamani, tun da yake a kansu ne wannan farilla ta fi nauyi. Bayanin da ya fi kowane suna a tarihin zanen Nijeriya a Zariya aka yi shi. A 1958 waɗansu ɗalibai na sashen zane a kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Abin da ya dame su shi ne ana koya musu zane kamar a Ingila suke zaune. A 1960, shekarar samun mulkin kai, Okeke ya yi wa ƙungiyar jawabi, ya taƙaita manufarsu da abin da ya kira Natural Synthesis, ma'ana a haɗa dabarun da aka koya daga Turawa da fasahar da aka gada a gida, haɗin da zai zo da kansa ba na dole ba. Kada a zama 'yan kwaikwayon Turai, kada kuma a zauna ana maimaita abin da kakanni suka yi.

In an auna wannan magana ita kaɗai da ma'aunin da muka fara da shi, za a ga tana da rauni, domin faɗinta ya yi yawa. Wane mai zane ne a Afirka ta wancan zamani ba zai iya fakewa a ƙarƙashinta ba? Haɗa tsoho da sabo magana ce da ɗan siyasa ma ke yi a kan mumbari. Abin da ya cece ta shi ne masu ita sun ɗauke ta bashi, kowa kuma ya biya da irin kuɗin garinsu. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ya koyi uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya mai da siririn layinsa mai lanƙwasa ya zama harshensa, har ya kafa makaranta a kansa a jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa. Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo. Nwoko ya gangara wajen gini. Grillo ya zana mutanen Ikko cikin shuɗin launin da aka san shi da shi. Ƙungiyar kanta ba ta wuce 1961 ba. Yau ɗalibai da yawa suna kwafe kalmomin nan biyu su sa a takardunsu, alhali kuwa ba su faɗi wane tsoho suke nufi ba, ko a wurin wa suka koye shi. Okeke ya iya nuna bangon da ya duba. Wanda ya ce ya gaji fasahar Hausa, sai a tambaye shi: ta marinan Ƙofar Mata ce, ko ta dukawa, ko ta magina irin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya? In ta marina ce, wace irin ƙulli, a bakin wace karofi ya tsuguna? Amsar wannan ita ce bayaninsa, ba ta kuwa fi layi uku ba.

Saura mai cewa, to me ya sa ba za a yi shiru a bar aiki ya yi magana ba? Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, kuma masu shi sukan kawo misalin Ladi Kwali. Ita Bagwariya ce mai ginin tukwane, ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, watau Suleja ta yanzu, a 1954. Randunanta masu zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada sun je Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Abin da ta bari a rubuce a jikin aikinta haruffa biyu ne, L da K, da akan danna a cikin yumɓu tun yana ɗanye. Gaskiya ne randa ba ta bukatar takarda kafin a ga kyanta.

Amma fa shirun mai fasaha ba ya hana a yi bayani, sai dai ya bar wa waɗansu su yi. Yawancin abin da ake karantawa a kan Ladi Kwali daga alƙalamin waɗansu ya fito, Turawan da suka yi aiki da ita, da masu sayen tukwane, da masu shirya nuni, kowa kuma da inda ya sa gaba. Wani ya mai da ita alamar gargajiyar da ba ta gauraya ba, wani ya mai da ita shaidar abin da koyarwar Bature ta iya yi. Randar da a ƙauyen Kwali ake gasawa a fili da itace da ciyawa don a zuba ruwa ya yi sanyi, a makarantar Cardew an shafe ta da ruwan ƙyalli an gasa ta a tanderu mai tsananin zafi, ta yi nauyi, ta daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, ta koma abin ajiyewa a kan teburi. Wannan babban sauyi ne a rayuwar tukunya, kuma a hannun Ladi ya faru. Masu rubutu sun yi ta gardama a kan ko ci gaba ne ko hasara. Rabin shafi daga bakinta, da Gwari ko da Hausa, a kan wace randa ta fi so a cikin biyun, da ya fi mini dukan gardamar.