Zambon Shafin da Ya Yi Shiru: Nazarin Wani Barkwancin Masu Rubuta Manhaja

Zambon shafin GitHub salon barkwanci ne da masu rubuta manhajar kwamfuta ke yi wa junansu. Ana buɗe shafin mutum, a duba abin da ya ce game da kansa da abin da ya aikata, sai a yi masa ba'a da tazarar da ke tsakani. Wanda ya fi shan wannan zambo shi ne mai shafin da ya yi shiru, wanda ya fara da ɗoki, ya zuba ayyuka biyu ko uku, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Tarihin salon gajere ne. Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005 domin bin diddigin sauye-sauyen Linux. An buɗe GitHub, dandalin intanet da ake ajiye ayyukan Git a kansa, a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Abin da ya ba mai zambo makami shi ne jadawalin da aka ƙara a 2013: ƙananan akwatuna, ɗaya ga kowace ranar shekara, waɗanda ke yin kore idan mutum ya yi aiki, su zauna fayau idan bai yi ba. Al'adar gayyatar mutum a yi masa ba'a da yardarsa kuwa ta girmi kwamfutar gida, domin an san ƙungiyar Friars ta birnin New York da ita tun tsakiyar ƙarni na 20. A 2024 aka ga yawaitar manhajojin ƙirƙirarriyar basira da mutum zai ba sunan shafinsa, su mayar masa da zambo nan take.

Masu suka na cewa cin fuska ne kawai, kuma yana kashe wa masu koyo gwiwa. Wannan hukunci bai zauna ba, don ya manta da sharaɗin farko: mai shafin ne ke miƙa kansa. A nan abin ya fi kusa da wasan taubasai, inda yarda da zumunci ke cire wa magana dafi, fiye da zambon maroƙi da ake jifan marowaci da shi ba da sonsa ba.

Dabarar da ta fi kowace daraja a wannan salo ita ce jera iƙirari kusa da kwanan wata. Gwanin zambo yakan fara da kirari, kuma daga bakin mai shafin yake ɗauko shi: ƙwararre a harsunan manhaja bakwai, mai kishin buɗaɗɗen tushe, mai gina makomar intanet. Yakan karanto su da girmamawa, ba tare da ya ƙara ko da kalma ɗaya ta raini ba. Sai ya gangaro kan rumbunan aikin. Na farko manhajar jera ayyukan yau da kullum ce, irin wadda kowane ɗan koyo ke rubutawa a makon farko, kuma ita ma ba a kammala ta ba. Na biyu kwafin wani babban aiki ne da aka ɗauko da niyyar ba da gudummawa, ba a taɓa ko waƙafi a ciki ba. Na uku ba shi da komai sai fayil ɗin README mai alkawarin cewa cikakken bayani na nan tafe. Sai a ƙarshe, a jimla mafi gajarta, ya faɗi ranar da aka yi sauyi na ƙarshe.

Duk ƙarfin abin yana cikin wannan jeri. Idan aka fara da kwanan watan, dariya ta ƙare kafin ta soma, domin mai karatu ya riga ya san hukunci. Idan aka jinkirta shi, kowane kirari na ƙara wa faɗuwar tsawo. Kwanan wata kuma ya fi zagi tasiri saboda ba a musa shi. Mutum zai iya cewa shi ba malalaci ba ne, amma ba zai iya cewa shekaru uku ba su wuce ba. Saƙonnin da ake rubutawa yayin ajiye sauyi ma taska ce ga mai lura. Idan biyar a jere duk suna cewa gyara na ƙarshe ne, mai zambo ba ya buƙatar sharhi, karanto su ɗaya bayan ɗaya ya wadatar. A nan ne zambon na'ura ke yawan gazawa: yakan ruga kan ƙarancin mabiya da taurarin yabo, ya tara kalmomin raini da za su dace da kowane shafi. Zambon da zai hau kan kowa bai kama kowa ba.

Akwai suka ɗaya mai nauyi, cewa jadawalin da babu kore a cikinsa ba hujjar zaman banza ba ce. Gaskiya ne. Aikin da aka yi a rufaffun rumbuna ba ya bayyana sai mai shi ya zaɓi hakan, sauyin da aka ajiye a kwafin aikin wani ba ya shiga lissafi, kuma ƙwararru da yawa na aiki a GitLab ko Bitbucket ko kwamfutocin kamfanoninsu. Sai dai wannan suka tana ƙarfafa salon ne. Abin da zambo mai kyau ke tona wa asiri shi ne ma'aunin kansa. GitHub da kansa ya cire ƙidayar kwanakin aiki a jere a 2016. Akwai manhajoji irin su gitfiti da ke mayar da kwanan wata baya domin zana hotuna da korayen akwatunan. A gasar Hacktoberfest ta 2020, kwaɗayin rigar kyautar da aka ware wa masu ba da gudummawa ga ayyukan buɗaɗɗen tushe ya sa aka cika masu kula da ayyuka da gyare-gyaren da ba su da amfani, har aka sauya dokokin gasar.

Saboda haka shafin da ya yi kore shar da gyaran waƙafi ya fi shafin da ya yi shiru cancantar zambo, kuma marubucin da ya tsaya ga ƙidayar akwatuna kaɗai bai fahimci sana'ar da yake wa dariya ba.