Hoton ƙugun yaro da hannun da ke auna haske

Yaro mai sikila idan ya fara ɗingishi, likita kan tura shi ɗakin hoton ƙashi, domin cutar na iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya. Ƙugu kuwa nan ne mazaunin gaɓoɓin haihuwa, shi ya sa aikin ke son natsuwa.

Kafin ta taɓa na'ura, mai ɗaukar hoton takan tsuguna ta yi wa yaron hira har jikinsa ya saki. Wannan ma cikin aikin yake, don in ya motsa sai an sake, hasken da zai sha ya ninka. Ta kwantar da shi rigingine, ta laluba tsinin ƙashin ƙugu dama da hagu ta tabbatar bai karkace ba, ta juya ƙafafunsa ciki kaɗan, manyan yatsu na kallon juna. In uwa ce za ta riƙe shi, sai ta yi ƙasa da murya: "Mama, ba ki da juna biyu dai ko?" Sannan ta rataya mata rigar dalma.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsuke haske. A bakin na'urar akwai ƙyauren ƙarfe, da fitilar da ke zana murabba'i a jikin yaro. Inda fitilar ta haska, nan eksire zai ratsa. Mai ɗaukar hoton tana murɗa maɓalli a hankali, murabba'in na ƙanƙancewa, har ya tsaya daidai kan abin da likita ke nema. Mai ganda yakan bar ƙyauren a wangale, ya datse hoton a kwamfuta daga baya. Hoto ya yi kyau, amma cikin yaron ya riga ya sha hasken banza.

Tun shekarun 1950 aka fara ɗora faifan dalma a kan marar yara don kare gaɓoɓin haihuwa. Na namiji da sauƙi, maraina a waje suke. Ƙwayayen haihuwar yarinya kuwa a ciki suke, ba su da matsaya guda, faifan kan kuskure su, ko ya rufe gaɓar da ake son gani. Ba ya kuma tare hasken da ke fantsama daga cikin jiki. In ya hau kan ma'aunin da ke yanke haske da kansa, sai na'urar ta ɗauka jikin kauri ne da shi, ta ƙara wuta. Ga shi na'urorin yanzu ɗan haske kaɗan ke isarsu. Saboda haka a 2019 ƙungiyar masana kimiyyar hasken asibiti ta Amurka ta ce a daina ɗora shi kullum, takwarorinsu na Birtaniya suka bi sahu a 2020.

Mai ɗaukar hoton ta rage ƙarfin na'urar daidai da jikin yaron, ta koma bayan gilashi, ta jira ya yi shiru, ta danna. Kan ƙasusuwan cinya biyu suka fito tar a allo, a ɗauka ɗaya.

"Shi ke nan, ɗana, tashi ka sa wandonka."