Gwanintar Malaman da ke Tsaya wa Mai Neman Mafaka

A kotunan shige da fice na Amurka, yawanci gwamnati ba ta ɗaukar wa baƙo lauya. Wanda ake tuhuma da fashi ko kisa, in ba shi da hali, doka ta wajabta a ba shi lauya kyauta. Amma baƙon da ake shirin tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da ya gudo, ko yaro ne, ko bai iya Turanci ba, sai dai ya nemo lauya da kansa, ko kuma ya tsaya shi kaɗai gaban alƙali da lauyan gwamnati. Binciken da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka wallafa a 2015, bayan sun bi diddigin shari'o'i sama da miliyan ɗaya da aka yanke tsakanin 2007 da 2012, ya nuna kashi 37 cikin ɗari ne kawai na baƙin suka samu lauya. A cikin waɗanda ke tsare kuwa, kashi 14 ne kacal.

Wannan giɓin ne wasu malaman jami'a suka sa kansu cikewa. A tsangayoyin koyon aikin lauya akwai zaurukan koyon shari'a a aikace, inda ɗalibai ke karɓar shari'ar mutane na gaske, kyauta, ƙarƙashin kulawar malaminsu. Deborah Anker na cikin waɗanda suka kafa irin wannan zaure na baƙi da 'yan gudun hijira a Jami'ar Harvard a 1984. Philip Schrag ya daɗe yana jan ragamar na Jami'ar Georgetown. Karen Musalo ta yi aikin a Washington kafin ta koma San Francisco, inda ta kafa cibiyar nazarin mata da 'yan gudun hijira a 1999. Gwanintar mutanen nan abin jinjina ce. Sukan karɓi labarin da tsoro ya wargaza, su jera shi yadda kotu za ta iya ji ba tare da ƙara ƙwayar ƙarya ba, sannan su koya wa matasa yin haka da hannunsu.

Sai an san abin da doka ke nema kafin a ga wuyar aikin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, wadda aka faɗaɗa a 1967 kuma Amurka ta shigar cikin dokarta a 1980, ba ta kiran mutum ɗan gudun hijira don kawai yana cikin wahala. Dole ya nuna yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron a zalunce shi saboda ɗaya daga cikin abubuwa biyar: launin fata ko asali, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a. Mu a Afirka mun saba da ma'ana mai faɗi, domin yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta haɗa da duk wanda yaƙi ko rikici ya kora daga ƙasarsa. A Amurka hakan bai isa ba. Wanda aka ƙone garinsu sai ya nuna dalilin da ya sa shi ɗin ake nema, da abin da ya haɗa dalilin da ɗaya daga cikin biyar ɗin nan. Akwai sassauci guda: a 1987 Kotun Ƙoli ta ce ba sai haɗarin ya rinjaya ba, ko da ɗaya cikin goma ne yana iya zama dalilin tsoro karɓaɓɓe.

Matakin farko shi ne sauraro, kuma nan ne ake gane gwani. Wanda aka azabtar ba ya kawo labarinsa a jere. Yakan tuna launin ƙofar ɗakin da aka kulle shi, ya manta watan da abin ya faru. Yakan fara daga ƙarshe, ya tsallake abin da ya fi muni saboda kunya, musamman macen da aka yi wa fyaɗe in mai tambaya ko tafinta namiji ne, ko ɗan garinsu. Malami kan koya wa ɗalibi ya buɗe zance da faffaɗar tambaya, ya bar mutum ya yi magana, ya jure shiru ba tare da ya cika shi da nasa zato ba. Yakan koya masa kada ya nemi komai a zama ɗaya, domin amana ba ta samuwa rana guda, kuma abin da shari'a za ta dogara a kansa sau da yawa sai an saba yake fitowa. Haka kuma yakan ja kunnensa game da kwanan wata. Mutumin da ke lissafin lokaci da damina da kaka, ko da azumi da babbar salla, in aka matsa masa zai faɗi wata rana don ya faranta wa mai tambaya, kuma wannan ranar ce za ta zame masa tarko a kotu. Gwani yakan rubuta abin da mutumin ya sani yadda ya san shi: bayan ƙaramar salla ne, kafin ruwan farko.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili a doka. Tun 2005 Majalisar Dokokin Amurka ta bai wa alƙalin shige da fice damar ƙin gaskata mai neman mafaka saboda saɓani tsakanin maganganunsa, ko da saɓanin bai taɓa jigon ƙorafin ba. Abin da ya gaya wa jami'i a filin jirgi cikin gajiya da firgici, da abin da ya rubuta a fom, da abin da ya faɗa a kotu, duk za a jera su a gwada. Shi ya sa takardar rantsuwa, wadda ke ɗauke da labarin daga farko har ƙarshe, take cin makonni. A rubuta, a karanta wa mai ita a harshensa, ya gyara, a sake rubutawa. Malami kan bi ta layi-layi yana tambayar ɗalibinsa: wannan kalmar tasa ce ko taka? Wannan da idonsa ya gani, ko ji ya yi? Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce ba a yi wa labari ado. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma dokar ta tanadi cewa wanda aka samu da ƙirƙirar ƙorafi da gangan ya rasa duk wata damar samun takardar zama har abada.

Bayan labari sai hujja. Ɗalibai kan nemo likitan da zai duba tabon jiki ya rubuta ko ya dace da irin azabar da aka bayyana. Sukan tono rahotannin kare haƙƙin ɗan Adam, har da wanda Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke fitarwa duk shekara, da labaran jaridun ƙasar da mutumin ya fito. Sukan roƙi masanin tarihi ko al'adu ya bayyana wa alƙali abin da zai yi masa kama da tatsuniya alhali a can abu ne sananne. Ko aika wa dangi su turo takarda sai an yi tunani, don kada wasiƙar ta jefa na gida cikin haɗari.

Shari'ar Fauziya Kassindja ta nuna abin da wannan gwaninta ke iya yi. Yarinya ce Musulma daga garin Kpalimé na ƙasar Togo. Mahaifinta ya kare 'ya'yansa mata daga kaciya, amma da ya rasu sai dangi suka ɗaura mata aure da wani magidanci mai mata uku, aka kuma shirya yi mata kaciya. Ta gudu ta Ghana zuwa Jamus, ta sauka a filin jirgin Newark a Disamba 1994 tana da shekara 17, ta faɗa wa jami'ai da bakinta cewa fasfon da ke hannunta ba nata ba ne, ta nemi mafaka. Aka tsare ta wata 16, har a gidajen yari tare da masu laifi. Wata ɗalibar koyon lauya, Layli Miller Bashir, ce ta tsaya mata a kotu a 1995, amma alƙali ya ce bai gaskata labarinta ba.

A nan Musalo ta karɓi ɗaukaka ƙarar. Ta sake gina labarin dalla-dalla, ta kawo bayanan masana da suka san Togo don warware abin da alƙali ya ɗauka saɓani ne, sannan ta fuskanci babbar matsalar: jinsi ba ya cikin dalilai biyar ɗin. Sai an nuna cewa Fauziya na cikin wani rukunin jama'a da doka za ta amince da shi. A watan Yuni 1996 hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta gaskata ta, ta kuma yarda cewa 'yan matan ƙabilarta da ba a yi wa kaciya ba kuma suke ƙin a yi musu, rukuni ne na jama'a. Hukuncin ya zama abin kafa hujja ga dubban mata bayanta. Labarin bai canja ba tsakanin kotun farko da ta biyu. Yadda aka saurare shi da yadda aka jera shi ne ya canja.

Aikin na bukatar haƙuri irin na mai dafa dutse. Rody Alvarado, 'yar Guatemala da ta gudo daga azabar mijinta, ta samu mafaka a 1996, aka soke a 1999, sai a 2009 aka tabbatar mata, kuma Musalo na tsaye a kan shari'ar har ƙarshe.

Rayuwar irin wannan malami ta yau da kullum ta bambanta da ta mai shiga aji ya karanta lacca ya fita. Da safe yana iya zama da ɗalibai biyu da ke riƙe da shari'a ɗaya, suna bayyana masa abin da suka shirya. Mafi wuyar abin a gare shi shi ne kame baki. Ya san amsar, amma in ya faɗa ya hana ɗalibi koyon tunani, don haka sai ya yi ta tambaya har ɗalibin ya gano raunin hujjarsa da kansa. Da rana a taru a aji, kowa ya baje matsalar shari'arsa, abokai su ba da shawara. In ranar kotu ta matso sai a yi gwaji: malami ko wani lauya ya zama alƙali, wani ya zama lauyan gwamnati ya yi tambayoyi masu zafi, don kada mai neman mafaka ya fara jin su a ranar da rayuwarsa ke kan mizani. Akwai kuma doguwar tafiya zuwa wuraren tsare baƙi, waɗanda da yawansu ke nesa da manyan birane. A kotu ɗalibi ne ke magana, malami na gefe, ba ya sa baki sai ya ga za a cutar da wanda suke karewa. Bayan hukunci, ko an ci ko an faɗi, yakan zauna da ɗalibansa, domin matashin da ya yi watanni yana sauraron labarin azaba shi ma yana bukatar mai lallashi.

Daga wannan aiki ne ra'ayin malaman nan kan tsauraran dokoki ya samo asali. Hujjarsu ita ce ragar da aka ƙuntata don kama maƙaryaci ta fi kama mai gaskiyar da bai san hanya ba. Dokar 1996 ta ce sai mutum ya nemi mafaka cikin shekara guda da shigowarsa, in ba haka ba ya rasa damar, sai da uzuri na musamman. Tun farko kwana 30 aka so a sa, kuma Schrag na cikin waɗanda suka yi fafutuka a majalisa har aka tsawaita wa'adin. Duk da haka shi da abokan aikinsa sun ci gaba da neman a soke shi, domin wanda ya fi shan azaba shi ya fi daɗewa kafin ya iya buɗe baki. A 2007 shi da Jaya Ramji-Nogales da Andrew Schoenholtz suka wallafa binciken da ya girgiza masana: a kotun Miami, ɗan Kolombiya na da damar nasara kashi 5 cikin ɗari gaban wani alƙali, amma kashi 88 gaban wani alƙalin a gini ɗaya. Suka nemi a ba kotunan 'yancin kansu, domin alƙalansu ma'aikatan Ma'aikatar Shari'a ne, kuma antoni janar na da ikon juya hukunci. An ga hakan a 2018 lokacin da antoni janar Jeff Sessions ya ƙuntata mafaka ga matan da suka gudo daga dukan miji, sannan wani antoni janar, Merrick Garland, ya soke matakin a 2021. Kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta, amma bai kamata rayuwar mutum ta dogara ga alƙalin da ƙuri'a ta faɗa masa ko gwamnatin da ke kan mulki ba.

Jami'o'inmu, irin su ta Maiduguri da Ahmadu Bello da Bayero, suna da zaurukan koyon shari'a a aikace, kuma 'yan gudun hijira ba baƙin abu ba ne a wurinmu, daga Diffa da Maraɗi har Minawao da Taraba. Ya kamata malamanmu na shari'a su sa wannan fanni cikin abin da suke koyarwa, su horar da matasan da za su iya sauraron wanda aka kora daga gida. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗan'uwa a ƙasar waje da ke neman mafaka, ka gaya masa ya guji masu sayar da labarin ƙarya, ya kiyaye wa'adin da doka ta sa, ya nemi lauya na gaskiya ko zauren jami'a mafi kusa da shi, ya kuma faɗi abin da ya same shi yadda ya faru.