70-20-10: Lissafi Mai Daɗin Ji, Amma Daga Ina Ya Fito?

Idan ka taɓa zuwa taron masu rubuta manhaja, irin DevFest da ƙungiyoyin GDG ke shiryawa a Kano da sauran birane, wataƙila ka ga mutumin da kamfani ya turo ya nuna yadda ake aiki da manhajarsa, ya amsa tambayoyi, ya kai ƙorafi gida. Aikin nasa shi ake kira DevRel. Abincinsa ya dogara ne ga sanin abin da ke sauyawa kusan kowane wata, don haka ba ya rabuwa da masu ba shi shawarar yadda zai riƙa koyo. Wadda ta fi yawo ita ce 70-20-10: wai kashi 70 na ilimi daga aiki yake zuwa, 20 daga mutane, 10 kawai daga karatu.

To, ka san asalinta? Michael Lombardo da Robert Eichinger ne suka yaɗa ta a wani littafinsu na 1996, bisa binciken cibiyar Center for Creative Leadership ta Amurka. An tambayi manyan shugabannin kamfanoni kusan 200 yadda suke ganin sun koyi shugabanci. Ka lura, ba a gwada abin da suka sani ba, an ce su tuna ne kawai. Kuma mutum ya fi tuna ranar da aiki ya kusa ƙwace masa a kan littafin da ya karanta shekara ashirin baya, ko da littafin ne ya fid da shi kunya a ranar.

Ba na cewa koyo a bakin aiki ƙarya ne. Amma hatsarin ɗan DevRel daban yake da na manaja. Shi kullum cikin bayani yake, kuma baki yakan riga sani. A 2002 Leonid Rozenblit da Frank Keil sun sa mutane su auna yadda suka fahimci abubuwa irin zif ɗin riga, sannan su rubuta yadda yake aiki dalla-dalla. Da suka gwada, sai suka rage makin da suka ba kansu. Yanzu ka ɗauki wanda ya nuna abu guda a taro talatin. Harshensa ya yi santsi, ana tafa masa, shi ma ya yarda ya iya. Duk wannan an lissafa masa cikin kashi 70. Amma ka matsar da shi taku ɗaya daga abin da ya haddace, ka ce me zai faru in intanet ta yanke a tsakiyar biyan kuɗi, sai ka ji “zan bincika in dawo maka”.

Maimaici ba gwaji ba ne. A binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006, ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun tuna kashi 40 bayan mako guda, waɗanda suka rufe takarda suka yi ta ƙoƙarin tunowa sun tuna kashi 61. Abin dariyar, ’yan maimaicin ne suka fi tabbacin za su tuna. Lissafin 70-20-10 bai bambance waɗannan biyun ba, inda aka yi koyon kawai yake dubawa.

Sannan ga kashi 10 ɗin da aka raina. An daina kula da Python 2 a farkon 2020, AngularJS ma tallafinta ya ƙare a ƙarshen 2021. Wanda hannunsa kawai ya saba da AngularJS sai da ya koma aji ɗaya. Wanda ya zauna ya karanta yadda HTTP ke aiki, da yadda burauza ke sarrafa JavaScript, ya wuce da kayansa. Irin wannan karatun ba ya samuwa tsakanin filin jirgi da otal, kuma manajan da ya riƙe 70-20-10 da wuya ya ware maka lokacinsa.

In aikinka ne, ga gwajin da na fi yarda da shi. Rufe takardun bayanin kamfaninku, buɗe shafi fari, ka gina abin da ka nuna a taron makon jiya daga tushe. Inda ka cije, rubuta shi. Bayan kwana bakwai ka sake.