Jerin maƙaloli a rumbun intanet: wa ke da ta cewa?

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda maƙalolin mujalla ke jeruwa bayan an zuba su a rumbun intanet. A mujallar takarda, kwamitin tacewa ne ke yanke wace maƙala za ta buɗe fitowa, wace za ta bi ta. Raddi yakan zo bayan maƙalar da yake suka, sharhin littattafai kuma a ƙarshe. Lambobin shafi su ke riƙe da wannan tsari. A ganinmu jerin kansa aikin ilimi ne, kuma rumbuna ba su ɗauke shi da daraja ɗaya ba.

Manhajar OJS tana bai wa mai tacewa damar jera sassa da maƙalolin kowace fitowa da hannunsa. Persée, da aka buɗe a Faransa a 2005, yana bin tsarin bugun takarda da lambobin shafinsa. Ba mu da ƙorafi a nan.

Matsalar tana ga rumbunan jami'o'i irin DSpace, wanda MIT da HP suka fitar a 2002. An gina shi ne don adana takardu ɗai-ɗai, kundin digiri da makamantansa, sai da siga ta 7 ta fito a 2021 ya san mujalla da juzu'i da fitowa. Yana jerawa bisa take, ko marubuci, ko kwanan wata. Maƙalolin fitowa ɗaya kuwa shekararsu ɗaya ce, don haka kwanan bugu ba ya raba gardama. In an bi ranar zubawa, na ƙarshen shiga shi ke hawa sama, sai ɗalibi ya ci karo da raddi kafin ya ga abin da ake mayar wa martani.

Jeri bisa take ya fi ba mu tsoro, mu masu rubutu da Hausa. Harafin é na Faransanci yana rabuwa zuwa e da alamarsa, sai ya koma gurbinsa. Haruffa masu lanƙwasa ba sa rabuwa haka a Unicode. In na'ura ta bi lambobi zalla, z yana kan 122, ƙ 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Ke nan take mai farawa da "ɗabi'u" ko "ƙa'idoji" zai faɗa bayan "zube". Wanda ya rubuta 'y irin na Najeriya kuma, alamar gabansa za ta kai shi gaban a.

Wasu na manna 01, 02 a gaban take don tilasta jeri (sifirin dole ne, in ba haka ba 10 zai riga 2). Dabara ce, amma tana ɓata taken da za a ambata cikin manazarta. Mun fi son a cika gurbin juzu'i, fitowa da shafin farko ga kowace maƙala, sannan a zuba shafin ƙunshiya na fitowar a matsayin takarda mai zaman kanta.